Garin Da Ya Shiga Jego

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, ko? To ku matso kusa da juna, don wannan da sanyinta take tafe.

Wani gari ne mai zafin rana, irin garin da ko kare ba ya yarda ya tsallaka hanya da azahar. Mutanensa gwanaye ne wajen neman sanyi. Sun iya rumfa, sun iya mafici, sun iya binne gindin randa cikin jiƙaƙƙen yashi. Amma yadda ake tsare ɗumi kada ya gudu, ba wanda ya taɓa damuwa da shi sai tsohuwa guda, Inna Tasalla ungozoma. Rabin garin ita ta yanke wa cibiya, har da Mai gari.

Tana da 'ya guda, sunanta Lanti. Sau uku Lanti tana haihuwa, sau uku ana binnewa tun ba a yi arba'in ba. Da ta sami ciki na huɗu, sai mijinta Jatau ya ɗauki gatari ya shiga daji. Wata bakwai yana tara itacen wankan jego, har tsibin ya fi rumbu tsawo. Masu wucewa suna yi masa dariya.

"Jatau, giwa ce za ta haihu a gidanka?"

Shi dai sai ya ci gaba da saransa. Tsoro ne fal cikinsa, kuma saran itacen nan shi kaɗai ne abin da ya iya yi wa matarsa.

Ranar wata kasuwa da hantsi Lanti ta sauka, ta sami 'ya mace. Ko wanka ba a gama yi wa jaririyar ba sai rana ta dusashe, ta koma kamar tsohon faifai. Sai iska ta taso daga arewa. Sai randuna suka fara fashewa gida-gida, tas, tas, ruwan ciki ya daskare ya tsaya da kansa. Kogi ya sandare da jirgin fito a tsakiyarsa, mai fito ya sauko ya tako da ƙafa yana salati. Sai wani farin abu ya fara zubowa daga sama.

Kura, wadda ita ma a garin take zaune da sauran dabbobi, ita ce ta fara ihu. "Garin tuwo! Garin tuwo daga sama!"

Aka fito da ƙorai da masakai ana ta kwasa, har da masu faɗa a kan iyaka. Aka ɗora a wuta, sai ya zama ruwa. Ashe ƙanƙara ce mai laushi kamar dusa, kuma ba ta da niyyar tsayawa.

To me mazan garin suka yi? Abin da suka saba. Suka jibga itace a tsakiyar dandali, a fili fetal, suka hura wuta har sama, suka kewaye ta. Gaba yana gasuwa, baya yana daskarewa. Kwana uku suka cinye itacen garin kaf. Suka koma kan danga, suka koma kan ƙofofi, har turamen matansu suka faskara. Wuta ta cinye, ɗumin ya bi iska.

Ita kuwa Inna Tasalla, tun ranar farko ta toshe taga da tsumma, ta liƙe da laka. Ta hura wuta a ƙarƙashin gadon jego. Gado ne na ƙasa mai rami a ƙarƙashinsa, in kin sa masa itace uku sai ya wuni ya kwana da ɗumi. Ta kwantar da Lanti da jaririyar a kai, ta ja ƙofa.

Da wutar dandali ta mutu, sai aka tuna da tsibin Jatau. Masu dariyar nan, su ne suka fara tunawa. Mai gari ya aiki Kura.

Kura ta zo tana rawar ɗari tana muzurai. "Tsohuwa, Mai gari ya ce a kawo itace. In ba a bayar da daɗi ba, a bayar da ƙarfi."

Inna Tasalla ta leƙo da ludayin tafasasshen ruwa a hannu. Ta ce, "Itacen jego ba ya fita. Mai son ɗumi ya shigo ya yi jego."

Kura ta dubi ludayin, ta dubi tsohuwar, ta juya.

Sai aka aiki Dila. Shi da murmushi ya zo, har da durƙusawa. "Barka da arziki, Inna. Mun yi shawara ne, in aka hura babbar wuta rana za ta hango ta, ta gane hanyar gida. Rabin tsibin kawai muke so."

Ta ce, "Wadda kuka hura kwana uku, rana makauniya ce da ba ta gan ta ba? Itacen jego ba ya fita. Mai son ɗumi ya shigo ya yi jego."

Na uku sai ga Mai gari da kansa, gemunsa ya daskare, jama'ar gari da dabbobinsu na biye da shi. Yara ko kuka ba sa iya yi.

Ya ce, "Inna, mutuwa za mu yi."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ba a hannuna ba. Ku shigo ku yi jego."

Sarkin Baka, shugaban maharba, ya yi tsalle. "Mu? Maza? Jego?"

Ta ce, "To ka tsaya nan da mazantakarka, gobe a zo a jingine ka a bango."

Sai Jatau ya matso ya tsuguna nesa da ita, kansa a ƙasa, don surukarsa ce. Ya ce, "Inna, a gafarce ni. Itacen yarinyar nan ne. In gari ya shigo, me zai rage mata?"

Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Amma gadon ko mutum ɗaya ne a kai ko ɗari, itace uku yake ci. In mun rufe ƙofa suka mutu a waje, a wane gari za ta girma?"

Jatau ya tashi ya ba jama'a hanya, amma hankalinsa bai kwanta ba.

Aka fasa bangon da ke tsakanin ɗakuna uku, aka kafa zana a tsakiya, maza nan, mata nan, dabbobi a bakin ƙofa. Inna Tasalla ta ɗora babbar tukunya, ta narka ƙanƙara, ta tsoma ganye a tafasasshen ruwa. Ta koya wa Jatau yadda ake fyaɗawa, ta ce ya fara da Sarkin Baka. Mutumin da ya kashe ɓauna bakwai, ganye ɗaya aka fyaɗa masa ya kwarma ihu yana kiran uwarsa.

"Wayyo! Ashe haka kuke sha?"

Daga bayan zana mata suka amsa, "Safe da yamma, kwana arba'in!"

Ranar Lanti ta yi dariya, karo na farko tun da ta sami cikin. Aka dama kunun kanwa, kowa ya sha ya yi gumi. Mai gari ludayi tara ya sha, yana cewa ɗanɗanawa yake.

Ranar suna aka raɗa wa yarinya Kyauta. Jatau ya ɗauko wuƙa ya nufi Rago. Rago ya ce, "Tsaya, maigida. Namana wuni guda zai yi muku. Gashina fa? Tsofaffi uku ke jingina da ni." Liman ya duba maganar, ya ce a ɗaga yankan sai an ga hali. Rago ya koma ya kwanta yana tuƙa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ƙanƙara na ta zuba har ta kai rufin ɗaki. Inna Tasalla ta rage wankan, ta lissafa itacen, ta ga zai kai su arba'in har da saura. Abin da ba ta lissafa ba shi ne halin Dila. Shi ake aika ɗauko itace, don ƙafarsa ba ta nutsewa. Kullum in ya kawo uku, sai ya kai biyu wani rami a bayan gida. Cunkoson ne ya ishe shi, yana son wutarsa ta kansa. Ranar kwana talatin da bakwai ya kwashe ragowar duka, ya cinna musu wuta gaba ɗaya. Kafin azahar sun zama toka. Sai ga shi ya dawo sumui-sumui, wutsiya a babbake.

Kura ta taso za ta cinye shi. Inna Tasalla ta ce, "Bar shi. Mugu ne, amma jikinsa da ɗumi."

Gadon ya fara hucewa. Kafin la'asar ya yi sanyi ƙalau kamar dutse. Kyauta ta daina kuka. Aka ba ta nono, ta ƙi kamawa. Lanti ta dubi uwarta, ta ce, "Inna, haka sauran suka fara."

Inna Tasalla ta sa hannu ta taɓa gadon. Shekara hamsin tana wannan aiki, duk iyawarta da wuta take yi, ga shi babu wuta. Jatau ya juya fuskarsa bango yana hawaye. Bai ce na gaya miki ba, kuma shirun nasa ya fi yi mata ciwo.

Sai wata 'yar murya daga ƙarƙashin kwando ta ce, "A ba ni dama in yi magana?"

Kaza ce. Kura ta ce, "Ke kuma a su wa?"

Kaza ta ce, "A su masu ƙyanƙyasa. Kwana ashirin da ɗaya nake yi a kan ƙwai, kin taɓa ganin na hura wuta? Ku cire mata zanen nan mai sanyi. A sa ta a ƙirjin mutum, fata da fata, a rufe. Sauran ku matse shi ta ko'ina. In ya huce, a miƙa wa na gaba. Kada ta taɓa ƙasa."

Inna Tasalla ta ce, "Kun ji ungozoma. Ku tashi."

Aka yaye zana, yau ba ta kunya ake ba. Kura ta kwanta a gindin ƙofa ta toshe iska. Rago da tumaki suka yi kewaye, Saniya ta sa hanci tana hura numfashi. Mutane suka dunƙule a tsakiya kamar curin fura. Dila ya lallaɓo ya miƙa ragowar wutsiyarsa, aka naɗe ƙafafun yarinyar da ita, ba wanda ya ce masa sannu.

Rana ta farko mata suka yi ta karɓa, daga wannan ƙirji zuwa wancan. Kyauta ba ta motsa ba, sai numfashi siriri. Rana ta biyu tsofaffi suka karɓa, da Jatau, da Sarkin Baka da ya riƙe ta yana tsoron ko tari ya yi. Lanti na ɗiga mata nono a baki da yatsa. Ba ta buɗe ido ba. Rana ta uku da safe, ranar arba'in, layi ya zo kan Mai gari. Ya buɗe babbar rigarsa ya sa ta a ciki, jama'a suka matse shi har rawaninsa ya faɗi.

Shiru. Ba ka jin komai sai iska a waje.

Can sai Mai gari ya zaro ido. Ya ce, "Inna! Wani abu mai ɗumi yana bin cikina."

Kafin a ce me, sai kuka ya tashi daga cikin rigar, kuka mai ƙarfi na mai jin yunwa. Inna Tasalla ta leƙa, ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Ranka ya daɗe, fitsari ta yi maka!"

Mai gari ya ce, "Ta ƙara! Wallahi ta ƙara!"

Aka miƙa ta ga Lanti, ta kama nono ta riƙe gam. Mata suka rangaɗa guɗa. Jatau ya zauna daɓas a ƙasa yana ta Alhamdu lillahi. Inna Tasalla ta jingina da bango ta sauke ajiyar zuciyar da ta riƙe kwana arba'in. Ni kaina duk sanda na zo nan sai na ji ƙirjina ya saki.

Sanyin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya, shekaru ya yi a ƙasar. Amma a makon nan zubar ƙanƙarar ta tsagaita, maza suka sami hanyar daji, kowane gida aka gina gadon ƙasa. Kyauta kuwa ta yi rarrafe, ta yi tafiya, kuma duk gidan da ta shiga a garin sai a ce 'yarmu ta zo.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Kada ku raina aikin da ake yi a bayan zana, kada ku raina mai magana daga ƙarƙashin kwando. Kuma ranar wuya ku buɗe wa mutane ƙofa, don wata rana jikinsu ne kaɗai zai rage muku.

Ƙurunƙus, kan ɗan tsako. Ta ƙare, kowa ya ja mayafinsa.