Ruwan Idon Maharazu da Ɗaurin 'Yardada

Akwai wani saurayi a unguwar Yakasai, cikin birnin Kano, ana ce masa Maharazu. Sana'arsa sayar da caja da waya da ragowar tarkacen salula. Amma tun yana makaranta hankalinsa yana wajen ɗaukar hoto.

Shi da ƙanwarsa Shamsiyya marayu ne. Kakarsu ta wajen uba ce ta riƙe su, wata tsohuwa mai barkwanci da ake kira 'Yardada. Da sana'ar ɗaurin rini ta ciyar da su. Marinan Ƙofar Mata su kawo mata farin yadi, ta zauna da allura da zare ta ɗaure shi gaɓa-gaɓa. Idan aka tsoma a baba aka kwance, sai ado ya fito.

Akwai wani ado da ita kaɗai ta rage mai iya shi a unguwar. Sunansa sawun hazbiya. Wajen uwarta ta koya, kuma yana cin mako uku kafin a gama zane ɗaya, shi ya sa 'yan matan yanzu ba sa tsayawa su koya.

Shekara biyu Maharazu yana zubin adashi don ya sayi kyamara. Bayan ƙaramar salla ya kwashi kuɗinsa. Ranar da ya faɗa a gida, 'Yardada ta ajiye allurarta.

Ta ce, "To angona, ka ga idona ya fara hazo. In ka sayo abin nan, da ni za ka fara. Ka ɗauki hannuna ina ɗaurin nan tun daga ƙullin farko har na ƙarshe. Ko bayan raina wata ta kalla ta koya."

Ya yi dariya ya ce, "Amarya, ai ke ce aikina na farko. Har Turai sai an san hannun nan naki."

"Ni ba Turai nake so ba. Yakasai ma ta ishe ni."

Kuɗin da ke hannunsa za su iya saya masa ɗaya daga cikin kyamarori biyu na masu fara koyo. Ɗaya ita ce DSLR, mai madubi a ciki, irin wadda masu hoton biki suka daɗe suna rataye da ita. Ɗayar kuma marar madubi ce, wadda samari suke kira mirrorless, ƙarama mara nauyi.

Sai ya tafi neman shawara wajen Malam Ashafa, wani dattijo mai shagon hoto a bakin titi, wanda ya fi shekara talatin yana sana'ar. Shi ya ɗauki hoton auren mahaifin Maharazu.

Malam Ashafa ya saurare shi, sannan ya yi masa bayani dalla-dalla.

Ya ce, "Mai madubi tana da nauyi, amma batirinta yana wuni bai mutu ba. Ka san halin wutarmu. Kuma lens ɗinta, wato gilashin gabanta, na hannu yana nan birjik a Kano, in ta samu matsala akwai masu gyara. Marar madubi kuwa ta fi daɗin bidiyo. Tana nuna maka yadda hoton zai fito tun kafin ka danna, tana bin idon mutum da kanta. Sai dai tana shan batir, kayanta kuma da tsada."

"To wacce ta fi, Malam?"

"Kowacce za ta yi maka aikin da ka faɗa. In bidiyo ka fi so, ɗauki marar madubi ka haɗa da batir biyu. In kana son sauƙin kaya, ɗauki mai madubi. Ka dai ɗauki ɗaya a makon nan ka fara."

Maharazu bai ɗauki ko ɗaya ba.

Ya koma ya duƙufa kallon bidiyon masu gwada kyamara a waya. Yau wani ya ce mai madubi ta mutu, kamfanoni sun juya mata baya. Gobe wani ya ce mai koyo da ita ya kamata ya fara. Ya shiga wani zauren WhatsApp na matasa masu hoto, inda ake yi wa duk wanda ya rataya mai madubi dariya, ana ce masa ɗan gargajiya.

Sau uku yana zuwa shagon masu sayarwa. Ya ɗaga wannan, ya leƙa waccan, ya ajiye ya fito. A zuwa na uku mai shagon ya ce masa, "Malam, ruwan idonka ya yi yawa. Dala tana tashi, kayan nan ba za su jira ka ba."

Haka kuwa aka yi. Kafin babbar salla marar madubin da yake hari ta fi ƙarfin aljihunsa. Mai madubin tana nan daidai kuɗinsa, amma ya riga ya ji kunyar a gan shi da ita. Sai wani a zauren ya ce yana da ɗan'uwa mai zuwa Dubai, zai sayo masa marar madubi da rahusa, amma sai ya jira wata biyu. Maharazu ya amince.

Duk wannan lokacin 'Yardada tana tuna masa.

"Angona, ina abin hoton?"

"Tana hanya, amarya."

"Wannan hanya da nisa take. Ko a jaki aka ɗoro ta?"

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Malam Ashafa ya tare Maharazu a ƙofar shago. A hannunsa akwai wata tsohuwar kyamara mai madubi, robar jikinta duk ta goge.

Ya ce, "Na ji har yanzu taka ba ta zo ba. Karɓi wannan aro. Tana ɗaukar bidiyo daidai gwargwado. Ka je ka yi wa tsohuwar nan abin da ta roƙe ka. Jiya na gan ta a soro, ta rame."

Abokan Maharazu biyu suna tsaye a gefe, 'yan zauren nan. Ɗaya ya ƙunshe dariya. Maharazu ya ji kamar an watsa masa ƙasa a ido.

Ya ce, "Malam, da wannan ƙarfen zan yi aikin da nake so duniya ta gani? Ai wannan sai hoton fasfo. Zamaninku daban, namu daban."

Malam Ashafa ya kalle shi. Sannan ya mayar da kyamarar cikin jaka.

"Allah ya ba da sa'a, ɗana. Bari ya huce dai shi ke kawo rabon wani."

Shamsiyya ita ce take ganin yadda tsohuwar take laluben ramin allura, sai an zura mata zare. Wata ranar Talata da hantsi ta gaji da jira. Ta jingina wayarta da turmi, ta ce wa 'Yardada ta yi ɗaurin a hankali tana bayani. Sun ɗauki kusan minti arba'in. Hoton da ɗan duhu, kaji suna ta kuka a baya, amma ana ganin yatsun, ana jin kowace kalma.

Da yamma Maharazu ya dawo, ta nuna masa da murnarta. Fuskarsa ta sauya.

"Wa ya sa ki?"

"Yaya, ai don a ajiye ne kawai."

"A ajiye? Gobe ki ɗora a status ɗin WhatsApp, jibi wani ya kwafa ya sa sunansa. Aikin da na yi wata huɗu ina tsarawa, ki ɓata min shi da wannan hoto mai kama da na ɓarayi?"

"Wallahi ba zan tura wa kowa ba."

Ya fizge wayar. Tana riƙe da hannun rigarsa tana roƙo, ya goge bidiyon, ya shiga inda gogaggun abubuwa suke taruwa ya sake goge shi. Ya miƙa mata wayar.

"In tawa ta zo za ki ga yadda ake aiki."

'Yardada tana zaune a kan tabarma tana jin su. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce, "Maharazu, ni fa ba ni da wata biyu a aljihu." Rabon da ta kira shi da sunansa na yanka har ya manta.

Ya ce, "Haba amarya, sai kin ga jikokina."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan, 'Yardada ta tashi za ta yi alwalar azahar. Buta ta suɓuce daga hannunta, ta zame ta faɗi a bakin rariya. Shamsiyya ce ta yi ihu maƙwabta suka shigo.

A asibiti likita ya ce hawan jini ne ya buge ta. Ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace, magana ta ɗauke. Bayan mako guda aka sallamo su, aka ce a ci gaba da kula da ita a gida.

Ranar da suka cika kwana huɗu da dawowa, kyamarar ta iso.

Maharazu ya buɗe kwalin a soro shi kaɗai. Sabuwa fil, ga ƙamshin roba, ba nauyi kamar yadda aka faɗa. Ya sa batir ya shiga ɗakin tsohuwar. Tana jingine da filo, Shamsiyya tana ba ta kunu a cokali.

Ya durƙusa ya ce, "Amarya, ga ta ta zo."

Ta kalli kyamarar, ta kalle shi. Sai ta ɗaga hannun hagu ta nuna kwandon da ke bayan ƙofa. Shamsiyya ta gane. Ta ɗauko wani farin yadi da tsohuwar ta ɗaure rabi, allurar tana soke a jiki, ta shimfiɗa mata a cinya.

'Yardada ta kama allurar da hagu. Ta yi ƙoƙarin tattaro yadin, ya zame. Ta sake, ya zame. Ta dubi hannunta na dama da ke kwance a gefe kamar ba nata ba. Ta buɗe baki za ta yi bayani, sauti kawai ya fito, yawu ya biyo gefen leɓenta.

Maharazu ya riga ya ɗaga kyamarar. A cikin gilashin ya ga wani ɗan akwati ya je ya tsaya cak a kan idon kakarsa, yana bin sa duk inda ya juya, kamar yadda masu talla suka yi alkawari. Hoton ya fito tar. Har ƙwallar da ta taru a idon yana gani.

Ya kasa dannawa.

Allurar ta faɗi a kan tabarma. Tsohuwar ta juya fuskarta bango. Shamsiyya ta tashi ta fita, ya ji kukanta daga tsakar gida.

Kwana tara bayan haka 'Yardada ta rasu, da safiyar Juma'a.

Malam Ashafa ya zo jana'iza, ya zo sadakar uku. Da mutane suka ragu Maharazu ya matsa kusa da shi, kansa a ƙasa, ya ce, "Malam, ka yafe min maganar da na faɗa maka."

Dattijon ya ce, "Ni ba ka yi min komai ba. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri." Ya sa takalminsa ya tafi.

Bayan arba'in, matan unguwa masu ɗauri suka taru a kan yadin da ta bari. Wata Jummai, wadda ta fi su daɗewa a sana'ar, ta wuni tana juya shi. Ta kwance ƙulli biyu don ta ga cikinsu, ta kasa mayarwa. Daga ƙarshe ta naɗe shi ta ce, "Muna ganin inda ta shiga, ba ma ganin inda ta fita. Wannan ya tafi da mai shi."

Maharazu ya karɓi wayar Shamsiyya ya zaga da ita wajen duk wani mai gyara da ya sani a kasuwa. Wasu suka haɗa ta da kwamfuta, wasu suka ce ya dawo gobe. Mako biyu yana yawo. Amsar dai ɗaya ce: abin da aka goge sau biyu, aka kuma ci gaba da amfani da wayar, ba ya dawowa.

Ya kawo mata wayar da la'asar, tana tankaɗe a tsakar gida. Ya tsuguna a gabanta, shi da yake yayanta.

"Shamsiyya, ba a samu ba. Ki yafe min don girman Allah."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da kaɗa rariyar har garin ya ƙare.

Sannan ta ce, "Na yafe maka, Yaya. Ɗaurin ma na haƙura da shi. Amma akwai muryarta a ciki. Akwai inda zare ya tsinke ta yi dariya, ta ce min in goge wajen kar angonta ya gani ya raina ta. Shi nake so in sake ji."

Maharazu ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuskarsa da hula.

Yanzu yana ɗaukar hoto, kuma masu gani suna cewa ya iya. Amma duk yaron zauren da ya tambaye shi wacce zai saya tsakanin mai madubi da marar madubi, amsa ɗaya yake bayarwa: "Wadda kuɗinka ya kai yau. Ka tafi gida ka fara da tsofaffinku."

Darasi: Neman abin da ya fi kyau ba laifi ba ne, amma ruwan ido da girman kai suna cinye lokacin da ba a sayar da shi a kasuwa. Kada ka raina kayan aikin da ke gabanka, kada ka raina dattijon da ya miƙo maka nasa, kada kuma ka hana wani yin ƙaramin alheri don kana jiran ka yi babba. In akwai tsoho a gidanku mai wani ilimi ko wani labari, ka zauna da shi yau, ko da wayar hannunka ce. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai cewa "sai gobe" da zai karanta ya tashi. Allah ya jiƙan magabatanmu.