Jatau da Ya Wanke Gonarsa da Sabulu

Ga ta nan ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wani mutum ne wai shi Jatau. Ya daɗe a birni, har ya ɗauka a cikin buhu ake haihuwar dawa. Sai ya dawo gida, ya tarar da gwaggonsa Tabawa tana watsa kashin shanu a gonar da ubansa ya bar masa.

"Gwaggo, mene ne wannan?"

"Taki ne, ɗan nan. Abincin dawa."

"Mu kuma mu ci dawar?"

"Da me kake tsammani ka yi wannan wuyan?"

Sai Jatau ya tofar da yawu, ya ce shi ba ya cin tuwon ƙazanta. Sai ya kwashe takin kakaf ya zubar a kwazazzabo. Sai ya wanke gonar da sabulu, kunya bayan kunya, ya bi ta da turare. Tsutsotsin ƙasa suka ɗaure kayansu suka yi ƙaura suna atishawa.

Ruwa ya sauka, ya yi shuka. Sai dawa ta leƙo, ta shinshina, ta ce, "Ina abinci?"

Ya ce, "Ga ƙamshi."

"Ƙamshi ake ci a garinku?" Sai ta koma ƙasa ta yi kwanciyarta.

To fa! Damina na tafiya, rumbunsa wayam, Gwaggo kuwa ta ce ko zangarniya ɗaya ba za ta ba mai yi wa gona wanka ba.

Sai ya je wurin jaki. "Malam Jaki, a taimaka mini da ɗan abin nan."

"Wane abu? Faɗi sunansa."

Jatau ya yi ta susar ƙeya. Jaki ya yi gaba.

Sai ya je wurin akuya. "Baiwar Allah, ko ƙwaya biyu."

"Nawa ƙanana ne, ba su kai na ɗan birni ba." Ta matse wutsiya ta wuce.

Sai ya je wurin saniya, ya durƙusa. "Inna, taki nake roƙo. Kashi. Na faɗa."

Ta ce, "Ba na zubarwa a ƙasa, kar ka share. Cire hularka ka tara."

Ya cire, ya tara, ya bi ta. Ta yi kiwo, ta sha ruwa, ta kwanta tana tuƙa.

"Inna, ya zo?"

"Ba a yi masa gaggawa."

Sai da ta kai shi tsakiyar kasuwa, gaban 'yammata masu fura, sannan ta cika masa hular dam. Sai ya runguma ya zuba da gudu yana ihu, "A ba ni hanya, abincin dawa zai huce!"

Da ya juye a gona, sai dawa ta fito ta ɗanɗana, ta miƙe har gwiwarsa. Jatau ya fara rawa. Sai ta ce, "Dakata. Wannan tuwo ne. Ina miya? Koma wurin akuya."

Ya koma. Duk daminar nan a bayan dabbobi ya yi ta, da hula a hannu. Da kaka ya cika rumbu, ya ci tuwo har ya kasa tashi.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Gobe in kun haɗu da saniya a hanya, ku gaishe ta, don da hannunta a tuwon da kuka ci.