Kurege da Gyaɗar Na-gode

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

To ku matso, mai gyangyaɗi kuma a ɗan mintsine shi.

A wani kwari akwai ƙungiyoyi uku: gara su ne magina, kwaɗi masu ɗebo ruwa, tsuntsaye masu saƙar tabarma. Kowa gwani ne, amma kullum rigima. Tsuntsu na son ruwa, kwaɗo ba ya son tabarma. Kwaɗo na son yaɓe, gara ba ta son a jiƙa ta.

Sai Inna Kunkuru, tsohuwa mai marina, ta tara su. Ta tsoma gyaɗa cikin baba, ta fito shuɗiya.

Ta ce, "Wanda ya yi maka aiki, ba shi ɗaya. Shi ma ya kai wa wanda zai yi masa. Sunanta na-gode. Kada ta kwana biyu a hannu ɗaya."

Haba, sai gari ya yi daɗi! Na-gode ta shiga nan, ta fita can, aiki na ta tafiya.

Shi Kurege ba gini, ba saƙa, sai ƙafa da baki. Ya zama ɗan aike. Ranar farko aka ba shi na-gode, ya sansana, yawu ya tsinke.

Ya ce, "Ɗaya ce fa." Ya lasa, ya ɓare, ya tauna.

Washegari ma, "Ɗaya ce fa." Ya lasa, ya ɓare, ya tauna.

Tun ana aikensa har shi ke bin gida gida yana roƙon a aike shi. A haka na-gode ta ƙare ƙaf. Gara ta ajiye gini, kwaɗi suka kife tuluna, kowa na hararar kowa.

Ana nan sai hadari ya haɗo. Ga bakin ramin Kurege ya zube, ga matarsa da jarirai a ciki. In ruwan nan ya sauko ba a yi yaɓe ba, shi ke nan. Ya leƙa kwatarniya, ya ga bakinsa shuɗi har dasashi. Ya rufe da jela, ya ruga gun Inna Kunkuru, ya tarar an taru ana cigiyar gyaɗa.

Ta cikin jela ya ce, "Sarkin magina, a taimaka mini da yaɓe."

Sarkin gara ya ce, "Ina na-godenka?"

"Tana tafe."

Inna Kunkuru ta ce, "Ɗan nan, me ya sami bakinka?"

"Haƙori ne, Inna."

Sai tsawa ta ce tararatsa! Kurege ya saki jela ya ƙwala ihu. Kowa ya ga baki.

Kwaɗi suka ce, "Ga marinar tamu tana yawo!"

Kurege bai ko ƙifta ido ba. Ya ce, "Jama'a, ku gode mini! Gwaji na yi. Na gano kuɗin nan yana ciyuwa. Da ɓarawo ne ya gano fa?"

Aka bushe da dariya, har wani kwaɗo ya faɗa tulu. Sarkin gara dai bai yi dariya ba. Yayyafi ya soma.

Inna Kunkuru ta ce, "Sarki, uban ne ya ci. Jariran nan ko ɓawo ba su lasa ba."

Sarkin gara ya juya ya ce, "Kwaɗi, ku kawo ruwan kwaɓi."

Kwaɗi suka kwaɓa ƙasa, gara ta yaɓa, tsuntsaye suka rufa tabarma. Suna gamawa ruwa ya ɓarke, ko ɗigo bai shiga ramin ba. Kurege ya duba 'ya'yansa suna barci a bushe, kunya ta kama shi, hawaye suka zubo.

Ya ce, "Na gode. Wannan ta bakin ce, ita kaɗai ta rage mini."

Inna Kunkuru ta ce, "Mun karɓa. Sauran kuma ƙafarka za ta biya."

Daminar nan kakaf ya yi aike kyauta. Ita kuwa tsohuwa ta koma rina tsakuwa. Da kaka ta yi, aka miƙa wa Kurege ta farko. Ya duba hagu, ya duba dama.

Ya ce, "Ɗaya ce fa."

Ƙaras! Haƙori ya tafi.

Ƙurunƙus kan kurege mai shuɗin baki! In za ku yi kuɗin gari, yara, ku fara ba maƙwabcinku ya ɗanɗana. In ya tofar, ku rina.