Takardar da Tanimu Ya Ƙunshe Goro

Ku gyara zama. Wannan ba ta Gizo ba ce, ba kuma ta dariya ba. Idan na kai ƙarshe, ku za ku yanke hukunci.

A wani kamfanin jimar fata a Kano an yi wani mutum, Sallau, mai haɗa magungunan da ake jiƙa fatu a ciki. Shekara ashirin da shida yana wannan aiki, ko fatar akuya ɗaya bai taɓa lalatawa ba. Ya yi allo yana ƙarami, amma boko ko harafi ɗaya bai sani ba, bai kuma ga amfanin sani ba. Murfin duro shi ne littafinsa: jan murfi gwangwani biyu, shuɗi gwangwani ɗaya, ruwan ɗorawa kuwa kada ka yarda ya kusanci ja. Haka ya koya, haka ya koya wa abokin aikinsa Tanimu, wanda suke cin tuwo a kwano ɗaya tun suna samari.

Sai kamfanin ya sauya inda yake sayen magani. Sababbin masu kawowa ba ruwansu da littafin Sallau; abin da ya sani da ruwan ɗorawa, su a shuɗin murfi suke zuba shi. Wata safiya ya zuba ja, ya zuba shuɗi kamar kullum, Tanimu na sunkuye a bakin rami yana juyawa. Hayaƙi ya taso. Tanimu bai kai asibiti da rai ba. Sallau ya tsira, amma da tarin da bai ƙara rabuwa da shi ba.

Yana kwance a gadon asibiti shugaban sashensu ya zo da takarda, ya ce ta jinya ce. Sallau ya dangwala yatsa. Ashe abin da ke ciki shi ne an ba shi sanarwar sauyin murfi hannu da hannu, ya yi biris da ita. Aka kore shi. Korar ba ta ci masa rai ba kamar maganar da ta zaga unguwa, wai gangancin Sallau ne ya kashe Tanimu. Mutumin da da ake tashi a ba shi wuri, ya zama in ya yi sallama a majalisa hira ta mutu. Ƙungiyar ma'aikata ta ce yana da wata shida ya kai kuka gaban kwamitin bincike. Ya rantse ba mai ƙara rubuta masa kalma ɗaya ya dangwala.

Sai da aka rasa rai sannan kamfanin ya tuna cewa ma'aikatansa na buƙatar karatu. Aka buɗe kwas na koyon karatu da rubutun aiki, kullum bayan la'asar, kujera talatin, kowa da katinsa. Aka kuma ce duk wanda shekara ta ƙare bai da satifiket, ya nemi wani aikin. Wanda ya fi kowa buƙatar ajin kuwa yana waje, don korarre ba shi da kati.

Na farko da ya taimake shi Jatau ne, mai gadin ƙofa. Ya same shi a gida ya ajiye masa katinsa a kan tabarma. Sallau ya ce, "Kai fa? Za su sallame ka." Jatau ya ce, "Yaya, ni aiki zan rasa. Kai sunanka ne a ƙasa ana takawa." Kullum shi ke buɗe masa ƙofa ya kawar da kai. Da shekara ta ƙare aka sallame shi, yana da 'ya'ya shida.

Ta biyu Malama Rakiya ce, wadda aka ɗauko daga waje ta koyar da ajin. Tun ranar farko tarin ya gaya mata wane ne ke zaune a kujerar Jatau, ba ta tona ba. Ta ga yatsunsa duk magani ya tsattsage su, biro na zame masa, sai ta naɗe biron da tsumma ta ɗaure da zare har ya zauna a hannunsa. In an tashi, takan ƙara masa rabin awa. Da manaja ya gano, ya ce ta fitar da shi, ta ce, "Ranka ya daɗe, an ɗauko ni in koyar da wanda ya zauna a gabana. Bari in gama, sai ka yi yadda ka ga dama." Ita ta karɓo kwafin takardar da ya dangwala, ta ƙi karanta masa, ta ce shi zai karanta. Ya bi ta harafi-harafi, yana zuwa inda ya dangwala yatsa hawaye ya hana shi gani. Kwas na ƙarewa aka ce mata an gode, ba a sake kiranta ba.

To, sanin ƙarya daban, kawo shaida daban. A nan ta uku ta shigo, Ladidi matar marigayi Tanimu, wadda tun ranar rasuwar ba ta amsa gaisuwar Sallau ba. Da ta fita takaba ta ɗauko rigar aikin mijinta za ta wanke ta bayar sadaka, sai ta ji abu a aljihu: ɓarin goro ya bushe, ƙunshe cikin takarda. Ta zo har zauren Sallau ta ce, "Yaya, an ce yanzu kana karatu. Ga abin da ƙaninka ya bari. Ko saƙo ne ya bar mini?"

Sallau ya warware takardar, jan goro duk ya ɓata ta. Ya karanta a hankali: "Sanarwa. Daga yau maganin ruwan ɗorawa yana zuwa a shuɗin murfi. Kada a haɗa shi da ja. A liƙa a ɗakin haɗi." A gefe ga sunan wanda aka miƙa wa, Tanimu, da kwanan watan ranar da abin ya faru. Shi ma bai iya karatu ba. An ba shi abin da zai cece shi, ya ƙunshe goro da shi.

Sallau ya miƙa mata takardar. Ya ce, "Ki ƙone ta. Ba zan wanke kaina da sunan Tanimu ba." Ladidi ta ce, "Shi ya tafi inda ba a yi wa mutum ƙazafi. Kai kana nan." Da ƙafarta ta kai takardar gaban kwamiti. Dangin mijinta suka ce ta tona wa mamaci asiri, suka ce ta tattara kayanta ta bar musu gida.

Ranar zaman, Sallau ya miƙe ya karanta bayaninsa, shafi ɗaya da rabi, rubutu a karkace, amma nasa ne. Aka wanke shi tas, aka ce ya koma bakin aiki. Ina! Ƙirjin ya riga ya gama lalacewa. Mutanen da suka daina amsa sallamarsa suka riƙa zuwa dubiya, kunya ta hana su haɗa ido da shi.

Bai ga ƙarshen daminar shekarar ba. Kwana biyu kafin ya cika, ya zaro biron nan mai tsumma daga ƙarƙashin matashi ya ba matarsa Tabawa, ya ce, "Ki ba wanda ya wanke mini suna." Ta ce, "Wanne daga cikinsu, Malam?" Tari ya sarƙe shi, bai sake magana mai tsawo ba.

Ranar sadakar bakwai duk ukun suna gidan. Jatau na ƙofar gida ba aikin yi, Malama Rakiya na tsakar gida ba ajin koyarwa, Ladidi na gefenta ba ɗakin komawa. Tabawa na zaune da biro ɗaya ɗaure a bakin mayafi, tana duban wannan tana duban waccan.

Ba don katin Jatau ba, da bai shiga ajin ba. Ba don Malama Rakiya ba, da takardar ta zo hannunsa ya juya ta kamar yadda Tanimu ya juya. Ba don Ladidi ba, da ya mutu da karatunsa ana kiransa mai kisan kai.

To, ku gaya mini, wa Tabawa za ta kwance wa bakin mayafin nan?