Kunnen Tsohuwa da Jitar Kafinta

Ku matso, mabiyana! Wannan ba ji na yi ba, da idona na gani, ina zaune a kan bencin shagon mutumin kamar kullum.

Akwai wani kafinta maƙwabcina, muna ce masa Mai Jita. Da hannu yake yin jita. Wuyanta yakan sassaƙe shi, ya cusa ƙaho da ɓawon katantanwa, su fito furanni da tsuntsaye. Ita kuwa murya daga fuskar jitar take. Kankare katakon yake kaɗan-kaɗan, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara. In ya yi kauri, jita ta zama bebiya. In ya kankaru fiye da kima, ta tsage.

To, tsufa ya cinye masa kunne, amma girman kai ya hana shi faɗa. Ga shi ya yi wa autansa alkawarin jita, kuma katako ɗaya ya rage masa, wanda ya shekara ashirin yana bushewa a rufin ɗaki.

Wata shida ya yi a kan adon wuya kaɗai. Da ya zo fuska, sai ƙwanƙwasa yake yana gyaɗa kai, alhali ko jirgi ne ya faɗo ba zai ji ba.

Matarsa tana tsakar gida daura da ƙofar shagon tana wanki, suna hangen juna, ta ɗaga murya: "Tsoho, da saura!"

Ya karanci bakinta, ya ce, "Ke Tsohuwa, yaushe kika zama kafinta?"

Ta ce, "Shekara arba'in wannan ƙwas-ƙwas ɗin yana hana ni barcin rana. Ko bango ne ai ya haddace."

Ya yi tsaki, ya ci gaba. Can sai ga ta a guje, hannu duk kumfa, ta cafke masa wuyan hannu. "Tsaya! Ya kai! Ka ƙara ko ɗaya, ka kashe wa yarona jita."

Ya dube ta, ya dubi katakon. Ya ce a hankali, "Ba na ji, Tsohuwa."

Ta ce, "Na sani tun bara. Jira nake ka tambaye ni, mai taurin kai."

Ya ajiye ƙarfen kankarar.

Ranar da autan ya zo ya kaɗa tsirkiya, muryar ta cika layi, mai kauri, mai daɗi. Tsohon ya ɗora tafinsa a jikin jitar yana jin rawarta, hawaye shar. Mai aski na gefe ya shagala, ya kwashe wa wani rabin gashin baki.

To, gashin bakin nan ni na ƙara, kar Allah Ya kama ni. Saura duk gaskiya ne.

Darasi: Kar ka raina wanda ya daɗe a gefenka, kuma neman taimako ba ya rage girma. Ku tura wa duk mai taurin kai a gidanku.