Manomin da Ya Ɗaure Sandar Taraktarsa

Wannan misali na ji shi ne tun ina yawon koyarwa a ƙauyukan bakin kogi, kuma gara in faɗa muku gaskiya tun da fari, wani sashe nasa ya sulale mini. Sunan garin ya tafi, sunan dattijon da ya ba ni labarin ma ya bi shi. Ko taraktar ja ce ko shuɗiya, ban iya rantsewa ba. Amma gundarin maganar yana nan daram, shi kuwa zan ba ku.

Akwai wani mutum manomi, yana da gonar shinkafa a fadama, yana kuma da tarakta. Tsakanin gidansa da fadamar akwai tafiya mai ɗan nisa, duk a kan kwalta. Taraktar nan ƙafafun baya ne suke tura ta, amma kusa da kujerar direba akwai wata 'yar sandar ƙarfe. In an ja ta, sai ƙafafun gaba su ma su kama aiki, huɗun su ja tare. An yi sandar domin laka da hawan tudu da jan garma mai nauyi. In an fito kan hanya mai tauri, sai a mai da ita wurinta.

Wata rana ya shiga fadama da sauri, ya manta bai ja sandar ba. Kafin ya farga taraktar ta nutse har ciki. Ranar kuwa kasuwa ce, duk mai wucewa sai ya tsaya kallo. Sai da maƙwabta suka kawo bijimai shida kafin aka fitar da ita, aka yi ta dariya ana cewa yau shanu sun ceci ƙarfe. Mutumin ya koma gida bai iya cin tuwo ba. Ya ce a ransa, ba za a ƙara ganin wannan rana ba.

Kashegari ya samo igiyar roba, irin wadda ake ɗaure kaya a bayan babur, ya ja sandar, ya ɗaure ta tamau a jikin kujera don kada ta ƙara komawa. Bai tsaya nan ba. Ya shiga birni ya cire tayoyin gaba waɗanda aka yi taraktar da su, ya sa wasu da suka fi su tsawo da faɗi, masu manyan haƙora kamar na kada. Ya dawo yana jin babu lakar da za ta ƙara riƙe shi.

Yana da wani taubashi, ɗan kawunsa, sunansa Filibus, bakanike ne mai rumfa a bakin kwalta. Filibus ya ji taraktar tafe tana gurnani, ya ga yadda tayoyin gaba suke karce hanya a kwana suna barin baƙin zane, sai ya fito ya tare shi.

Ya ce, "Kai bawana, wa ya sa wa jakinka takalmin raƙumi?"

Manomin ya ce, "Tun yaushe bawa ya fara duba ƙafar ubangidansa? Koma rumfarka ka ci gaba da lasar baƙin mai."

Suka yi dariya. Amma da Filibus ya leƙa ya ga robar nan, dariyarsa ta ɗauke. Ya zaunar da shi ya yi masa bayani, cewa ƙafafun gaba da na baya ba su taɓa tafiya daidai wa daida ba. A cikin gona, in suka saɓa, ƙasa takan zame kaɗan, kowa ya samu sauƙi. Kwalta kuwa ba ta zamewa, don haka duk saɓanin yakan koma cikin aksul, wato ƙarfen nan da ke ɗauke da ƙafafun gaba, inda haƙoran giya suke juyawa cikin mai. Ga shi kuma ya ƙara tsawon taya, ya ƙara mata kamu, saɓanin ya ninka.

Ya ce masa, "Laka tana raba su faɗa. Kwalta ba ta rabon faɗa, sai dai ƙarfe ya sha. Kwance robar nan, in ka isa bakin fadama ka ja sandarka."

Manomin ya amsa masa cewa ran da aka yi masa dariya ba a rumfar Filibus aka yi ba. Ya hau taraktarsa ya wuce.

Damina biyu suka wuce haka. Kai taki, ɗauko itace, kai amfanin gona kasuwa, duk da ƙafa huɗu yake yi. Sitiyari ya fara yi masa tauri a kwana, ya ce tsufa ne. Wani ƙugi ya fara fitowa daga gaba, ya ce alamar ƙarfi ce. Matarsa Laraba ta nuna masa ɗigon mai a tsakar gida, inda taraktar ke tsayawa, sai ya ɗebi toka ya rufe wurin.

A damina ta uku ruwa ya sauko da wuri. Kogi ya fara cika, masu kamun kifi suka ce nan da kwana huɗu zai hau fadama. Kowa ya san dokar wurin: wanda bai yi huɗa ya shuka kafin ruwa ya hau ba, ba shi da shinkafa a shekarar. Manomin bai damu ba, gama aikin yini biyu ne a gare shi. Da sassafe ya ɗaura garma, ya bi kwalta, ya sauka cikin laka. Bai kai tsakiyar layi na fari ba sai aka ji ƙas! Ƙafafun gaba suka tsaya cik, na baya suka yi ta juyawa suna haƙa wa kansu rami. Ya duba sandar, tana nan a ɗaure yadda ya bar ta, amma babu abin da ke amsa mata.

Aka kira Filibus. Ya shiga lakar har gwiwa, ya kwance murfin aksul, ya tara man a kwano. Man yana walƙiya da garin ƙarfe. Ya sa yatsa ya shafa haƙoran giyar, sun side kamar dasashin tsohuwa, biyu kuma sun karye. Wannan karon bai kira shi bawa ba. Ya gaya masa sai an aika birni, kuma ko an yi sauri kayan ba za su iso ba sai bayan mako biyu.

Manomin ya dubi kogi, ya ce, "Ɗan'uwa, ai domin rana irin ta yau na ɗaure ta."

Filibus ya ce, "Na sani. Amma guzurin tafiya ka cinye shi tun a ƙofar gida."

Da igiyoyi aka jawo taraktar kan tudu, kuma ba wanda ya yi dariya. Manomin shi da Laraba suka shiga da fartanya, suka shuka abin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na gonar ba, ruwa ya rufe sauran.

Ma'anar wannan misali ita ce: taraktar nan ita ce gidanka, ko kuwa ikilisiyarka. Ƙafafun gaba kai ne, maigida, ko uwargida, ko dattijo, duk wanda aka sa a gaba. Sandar nan ita ce ƙarfin da Ubangiji ya ba ka domin ranar wahala, wato tsawatarwa da tsayawa kan magana ba ja da baya. Kyauta ce mai kyau, amma ba ta kullum ba ce. Da yawa a cikinmu sau ɗaya aka kunyata mu, sai muka ɗaure sandar. Tun daga ranar, ko ruwan sha za mu nema a gida sai da tsawa. Muka ƙara wa kanmu manyan tayoyi, muka karɓe aikin kowa, muka kama abin da ba a ba mu ba, muna kiran wannan tsaro, alhali kuwa tsoro ne. Zukatan da ke ɗauke da mu, su ne aksul ɗin, suna sidewa a ɓoye, mu kuwa muna rufe ɗigon da toka. Sa'an nan ranar laka ta gaskiya takan zo, ɗanka ya kama muguwar hanya, ka ɗaga murya, muryar ba ta kama kome ba, gama an saba jin ta a kan gishirin miya. Ya ƙaunatattu, wanda ya dogara ga Allah ba ya bukatar igiyar roba. Ku kwance ta yau, ku yi tafiyar kwalta da tawali'u, ƙarfinku zai jira ku a bakin fadama.

Abu guda na tabbatar daga baya, don ban yarda da kaina ba. Na je wurin wani tsohon bakanike, ya sa alli a tayar gaba da ta baya na wata tarakta, muka ƙirga juyinsu a fili. Ashe da gangan maƙera suke sa ƙafafun gaba su ɗan riga na baya. In na baya sun ci taku ɗari, na gaba su ci ɗari da biyu ko da uku. In ya haura ɗari da biyar, kamar yadda manyan tayoyin manomin suka jawo, ƙarfe ya fara cin ɗan'uwansa.