Bidiyon Zanen Auta Da Ya Ƙi Fita

Akwai wata yarinya, Auta ake ce mata a gida. A waya take zane da yatsa, kuma ta iya, ba ƙarya. Matsalarta ɗaya, ba ta iya jira. Ko ruwa ta ɗora a wuta sai ta buɗe murfi sau biyar.

Sati biyu ta yi tana zana kakarta tana saka zare a allura, don baje kolin zane na makarantarsu. Da malamar zane ta gani sai ta kalli hoton, ta kalli Auta. Ta ce kyan ya yi yawa, anya ba daga intanet aka kwaso shi ba?

To manhajar da Auta take zane da ita tana ɗaukar duk layin da aka ja, ta haɗa shi ya zama ɗan bidiyo mai gudu. Malama ta ce shi za ta kawo gobe da safe, in ba haka ba zanenta ba zai hau bango ba.

Auta ta ce ai wannan aikin minti ɗaya ne.

Ko kayan makaranta ba ta cire ba ta faɗa ɗakin ɗinkin yayarta, ta danna a fitar da bidiyo. Lamba ta fara hawa, goma, ashirin, arba'in, sai ta tsaya. Auta ta ƙirga zuwa biyar, ta soke, ta sake. Ta kuma sokewa. Can wani rubutu ya fara fitowa, ita kuwa ba ta karantawa, dannawa kawai take ya ɓace.

Yaya tana kan keke, ta tambaye ta me ya sa take huci kamar dutsen guga.

"Yaya don Allah ki ji da kekenki. Wannan ba harkar tela ba ce."

Yaya ta ce to, Allah ya ba da haƙuri, injiniya.

Da abin ya ishe ta, Auta ta ce goge manhajar za ta yi ta sauko da sabuwa. Yatsanta na kai kenan Yaya ta fizge wayar.

"In kin goge, zanen naki a ina yake zaune? A aljihunki?"

Sai a lokacin Auta ta tuna. Zanen da bidiyon duk a cikin manhajar suke. Saura ƙiris sati biyu su tafi.

Yaya ta sake dannawa, rubutun ya fito, ta ce ta karanta da ƙarfi. Auta ta karanta a hankali, babu sauran wuri a waya. Ta rantse jiya jiya ta share hotuna. Suka duba, sai ga guntayen bidiyo goma sha huɗu a jere. Ashe duk sokewar da take yi, guntun yana zama. Ita da hannunta ta cika wayar.

Yaya ta ce kullum sai ta tura wa masu kawo mata ɗinki bidiyon kayansu, wannan ba sabo ba ne a wurinta. Suka share guntayen. Girman bidiyon ma Auta mafi girma ta zaɓa kamar a silima za a nuna, Yaya ta mai da shi matsakaici. Ta jona caji, ta kife wayar ƙarƙashin yadi, ta miƙa wa Auta wata riga ta warware mata hannu.

"Kika taɓa wayar nan kafin ki gama, ni da ke ne."

Auta tana warware zare tana leƙe. Sau uku ta miƙe, sau uku Yaya ta ɗaga almakashi ba tare da ta ɗago kai ba. Bayan minti tara wayar ta yi ƙara. Bidiyo ya fita cif.

Washegari malama ta kunna a gaban 'yan aji. Aka ga Auta ta goge hancin kaka sau bakwai. A wani wurin ma yatsu shida ta yi mata. Malama ta yi dariya har ta cire tabarau.

"Wannan yatsan na shida ba inda za ki kwaso shi, naki ne. Ki yi haƙuri, na zarge ki."

Ita da kanta ta kafa ƙusa ta rataye zanen da aka buga a takarda, daidai bakin ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya fara ganin kaka.

Darasi: In abu ya tsaya, ki karanta abin da yake faɗa miki kafin ki danna, kuma kar ki raina na kusa da ke don sana'arku ba ɗaya ba. Ku tura wa wannan ƙawar taku mai soke komai kafin ya kai rabi, kun san ta.